Ƙarshen Dogo: Abin da Jirgin Kwal Ya Bar Mana a Ƙaura Namoda

Yawancin yaran da su ke tasowa yanzu a Kasuwar Daji da Zurmi da Shinkafi ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. In sun shiga Ƙaura Namoda cin kasuwa ko gaida dangi, sukan tsallake ƙarafan dogo kamar yadda a ke tsallake kunyar gona, ba su tambayi inda ya fito ba, balle abin da ya kawo shi. Alhali kuwa wannan dogo shi ne babban aikin ƙarfe da inji na farko da ya shigo arewacin ƙasar Zamfara, shi ne kuma ya juya noman kakanninmu ya ba shi wata fuska dabam. A wannan fitowa muna so mu zaga da masu karatu wuraren da aikin nan ya bari, mu bi sawun wutar da ta riƙa tura jirgin har inda a ke haƙo ta, sa'an nan mu yi shawara a kan abin da za a yi da sauran kayan tun ba su ƙare a sikelin 'yan gwangwan ba.

Inda dogo ya tsaya

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Bayan shekaru aka tsaga reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya zo ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Tsawonsa ya fi kilomita 200. An sha maganar za a ja shi har Sakkwato, amma har wa yau bai wuce Ƙaura ba. Garin kansa ya girmi dogo da shekara fiye da ɗari, gama sunansa daga Namoda ne, ɗaya daga cikin jarumawan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Amma zamansa ƙarshen dogo shi ya mai da shi ƙofar da amfanin gonar Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa, har da na ƙetaren iyaka, ya riƙa fita zuwa teku. Raƙuma da jakuna su kawo kaya, taragu su kwashe.

Mai karatu ya ɗauki taswirar Nijeriya ta zamanin Turawa ya duba. Babu layin da ya haɗa Sakkwato da Katsina, ko Katsina da Borno. Kowane layi ya sa gaba kudu ne, ko Ikko ko Fatakwal, inda jiragen ruwa su ke jira. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin shimfiɗa shi. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga a ke so, ɗaukar fasinja kuwa ƙari ne. Wani abin lura kuma, a shekarar da dogo ya iso Ƙaura, wato 1929, a ita ce kasuwar duniya ta faɗi warwas, tun daga Amurka. Manomin da aka ce masa ya noma gyaɗa ya sami kuɗin haraji, sai ya tarar kuɗin gyaɗar ya karye, haraji kuwa yana nan inda ya ke. Ashe tun ranar farko aka ɗaure cikin manomin Zamfara da kasuwar da bai taɓa ganinta ba.

Wanda ya je tashar da niyyar kallo, kada ya tsaya ga gini kaɗai. Ya sunkuya ya dubi gefen ƙarfen dogo. Masu ƙera shi sukan buga sunan ma'aikatarsu da shekarar ƙira a jikinsa, in an goge tsatsa da ƙasa sai a karanta. Ya dubi abin da aka girka dogon a kai: a wurare da yawa a ƙasar nan na ƙarfe ne aka sa maimakon katako, saboda gara. Ya auna tsakanin ƙarfe biyu, zai sami ƙafa 3 da inci 6. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi wannan faɗi, haka ma wanda aka aza harsashinsa a 2021 domin ya tashi daga Kano ya bi ta Katsina zuwa Maraɗi. Ma'anar wannan ita ce, jiragen sababbin layuka ba za su iya hawa namu dogon ba ko da an gyara shi sumul. Masu cewa gobe jirgin zamani zai shigo Ƙaura su riƙa tunawa da haka.

Sa'an nan ya tambayi tsofaffi inda kan jirgi ya ke shan ruwa, da inda a ke zubar da toka, da yadda a ke juya shi ya fuskanci Zariya, tun da ya ke nan ne ƙarshen hanya. Waɗannan uku babu tashar ƙarshe ta jirgin kwal da za ta rasa su. Ko ginin ya rushe, gurbinsa yana nan, akwai kuma wanda ya san shi.

Wutar da ta fito daga Inugu

Ba a taɓa haƙar kwal a ƙasarmu ba. To, me ya haɗa mu da masu haƙarsa? Abin da ya haɗa mu shi ne, shekara da shekaru duk buhun gyaɗar da ya bar Ƙaura, wutar kwal ce ta ja shi.

Ga yadda abin ya ke. A cikin kan jirgi akwai murhu, a gabansa kuma babbar tukunyar ruwa. Mutum guda aikinsa ke nan ya riƙa ɗibar kwal da shebur yana watsawa a murhu tun daga tashi har sauka. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru ya rasa mafita, sai a sake shi cikin wata ma'ajiya inda zai tura sandar ƙarfe gaba da baya, sandar kuma ta juya ƙafafun jirgi. Matar da ta taɓa ganin murfin tukunya yana rawa bisa wuta ta riga ta ga asalin dabarar. Shi ya sa jirgin ya ke da ƙishi ƙwarai, tilas a tanada masa ruwa a tashoshin kan hanya, ko da rani ne rijiyoyin gari sun ƙafe.

Kwal ɗin kuwa daga Inugu ya ke zuwa. A 1909 aka gano shi a tuddan Udi, aka fara haƙa a 1915, a 1916 kuma dogo ya haɗa wurin da Fatakwal. Garin Inugu kansa kwal ne ya haife shi, har yanzu kuma da sunan Birnin Kwal a ke yi masa kirari. A 1927 layin gabas ya haɗu da na Kaduna ta Kafancan, amma a Makurɗi sai an ƙetare da taragu bisa jirgin ruwa, har zuwa 1932 da aka gama gadar Binuwai. Ke nan baƙin dutsen da wani ɗan Ibo ya sara a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu da ruwa, shi ne zai bi ta Makurɗi da Kafancan da Kaduna da Zariya, ya zo ya ƙone a gefen gonakinmu. Manomin Zurmi da leburan Inugu ba su san juna ba, ba su jin harshen juna, amma igiya guda ce ta ɗaure su.

Wannan igiya ta sha jini. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, ma'aikatan ramin Iva Valley suna yajin aiki a kan haƙƙinsu na albashi, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe musu wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Kisan ya tayar da hankalin ƙasa duka, ya kuma ƙara wa masu neman mulkin kai ƙarfi. A cikin Inugu an kafa gunkin tunawa da su a wani shataletale. A shekara mai bi, 1950, aka kafa hukumar kwal ta Nijeriya, aiki ya yi ta haɓaka har wajen 1959, sa'ad da abin da a ke haƙowa a shekara ya kai wajen tan 900,000.

Daga nan sai gangara. Hukumar jiragen ƙasa, wadda ita ce babbar mai saye, ta fara kawo kawunan jirgi masu shan man gas tun daga tsakiyar shekarun 1950. An sami man fetur a Oloibiri a 1956. Madatsar Kainji ta fara ba da lantarki a 1968. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsai da aiki, ruwa ya cika ramuka da dama. Aka yi ta fama har farkon shekarun 2000, sa'ad da haƙar gwamnati ta tsaya. Ramukan Okpara da Onyeama da Iva Valley sun zama kufai. Babu wanda ya tambayi leburan Inugu ranar da aka yanke shawarar sayen jirgin gas, kamar yadda babu wanda ya tambayi manomin Ƙaura ranar da aka sa kuɗin gyaɗa.

Mu ma muna da namu rabon a wahalar ramuka. A lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, gwamnati ta kwashi dubban maza daga lardunan Arewa, har da lardin Sakkwato, ta tura su haƙar kuza a Jos bisa tilas. Shi ne abin da tsofaffi su ke kira ɗiban gwamna. Sanyin tsaunin Jos da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa, waɗansu suka gudu da ƙafa. A gidaje da dama a ƙasar nan akwai labarin kaka ko ƙanen kaka da ya tafi kuza. Irin wannan labari ba a rubuta shi a jikin ƙarfe ba, yana bakin jikoki ne, su ma sun manyanta.

Gyaɗa, auduga, da abin da ya same su

A garuruwan bakin dogo kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da CFAO sukan kafa kanti da sito da sikeli, Kwara kuma da manyan 'yan kasuwa na gida suna saye ta hannun yaransu a kasuwannin ƙauye. Daga 1949 hukumar ciniki ta karɓi ragamar gyaɗa, ita ce mai yanka farashi kowace kaka, masu lasisi su saya a madadinta. Kuɗin da a ke ba manomi bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuwa da ita aka yi ayyuka da yawa na Jihar Arewa. Ba mu ce ba a yi abin kirki da ita ba. Amma ya kamata ɗan makarantar da ya ke ganin manyan gine-ginen Kaduna da Zariya ya sani akwai gumin kakarsa a ciki, ita da ta zauna ɓarar gyaɗa har yatsunta suka yi kanta.

Dalar gyaɗa ta Kano, wadda sunan Alhassan Ɗantata ya ke tafiya tare da ita, mutane sukan ɗauke ta alamar arziki kawai. Gaskiya ce, alamar arziki ce, gama a shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyaɗa. Amma kuma alama ce ta cewa jirgi ya kasa kwashe kaya da sauri, sai aka tara buhuna suna jiran tarago wata da watanni.

Auduga kuma hanyarta dabam. Kamfanin BCGA na Ingila ya kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, aka raba wa manoma irin da a ke kira Alan, wanda asalinsa daga Amurka ne, daga baya masu bincike a Samaru suka yi ta gyara shi. Bayan mulkin kai aka ce maimakon a kai auduga Ingila a saƙo mana ita, gara a saƙa a gida. Masaƙar Kaduna ta riga ta fara aiki a 1957, a tsakiyar shekarun 1960 kuma aka kafa Masaƙar Zamfara a Gusau. Samari da yawa daga ƙauyukanmu a can suka fara karɓar albashin wata. Yau ta rufe, kamar 'yan'uwanta na Kaduna da Kano, saboda rashin wuta da tsadar aiki da yadin waje mai araha.

Gyaɗa kuwa fari ne ya fara karya ta, na 1972 zuwa 1974, sa'an nan a 1975 kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a Arewa duka. Manoma suka koma gero da dawa da wake. A shekarar nan ce aka soma aikin bunƙasa noma na Gusau da taimakon Bankin Duniya, tare da na Funtuwa da na Gombe, aka kawo taki da hanyoyin karkara. Hanyoyin suka amfani motoci, kaya ya koma kan kwalta. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki. Jirgi ya rasa abin ɗauka, zuwansa ya yi ta raguwa har ya daina zama abin dogara. An yi aikin gyaran layin daga baya, amma hada-hadar da ba ta dawo ba.

A nan bari mu ɗan ratse, tun da aikinmu ne. Kuturtar gyaɗa darɓa ce ta ke yaɗa ta. Shuka da wuri da matse tsakanin ramuka suna rage ta ƙwarai, akwai kuma irin Samaru masu jure mata, irin su SAMNUT 24 mai saurin nuna. Wanda ya bar gyaɗa tun zamanin mahaifinsa don tsoron abin da ya faru a 1975 ya zo mu yi magana.

Abin da waɗansu suka yi da kufansu

Ba mu kaɗai ne aiki ya tashi ya bari ba. A Birtaniya an rufe ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a 2015, Jamus kuma ta rufe nata na baƙin kwal a 2018. A garin Blaenavon na ƙasar Wales akwai wani rami da a ke kira Big Pit. An daina haƙa a 1980, bayan shekara uku aka buɗe shi gidan tarihi. Baƙo yakan sa hular kwano da fitila, a sauke shi mita 90 cikin ƙasa, tsofaffin ma'aikata kuma su suka riƙa yi wa baƙi jagora. A Essen ta Jamus, ma'aikatar Zollverein da ta tsaya a 1986 ta zama wurin gidajen tarihi da makaranta da wasanni, hukumar UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2001. A gida Nijeriya ma akwai ɗan abin nuni: gidan tarihi na Jos ya ajiye kayan ƙaramin jirgin Bauci, wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957, a Ebute Metta ta Ikko kuma an gyara wani tsohon gidan reluwe, Jaekel House, an tara hotuna da kayan aiki a ciki.

Abin da ya fi burge mu a labarin Wales ba zurfin ramin ba ne, tsofaffin ma'aikatan ne. Mutumin da aka ce masa aikinsa ya mutu, sai ga shi ya zama malami, yara suna sauraronsa. Wannan ba ya bukatar kuɗin Turai.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Waɗancan wurare baƙi masu biyan kuɗi ne su ke riƙe da su, da kuma aljihun gwamnati. Mu kuwa kowa ya san halin da hanyar Ƙaura zuwa Zurmi da ta Shinkafi su ke ciki saboda 'yan bindiga. A watan Satumba 2021 har kasuwannin mako aka rufe a jihar nan, aka yanke layukan waya. Akwai 'yan'uwanmu da suka bar gonakinsu suna zaune a gidajen dangi cikin gari. Babu baƙon da zai zo kallon tsohuwar tasha a irin wannan hali, wanda kuma ya ce wa mai jin yunwa ya bar ƙarfe don tarihi, dole ya shirya amsar tambayar da za a yi masa. In za mu kiyaye kayan nan, don kanmu da 'ya'yanmu za mu kiyaye su, kuma sai sun yi wani amfani yau.

Ramin da aka bari a buɗe

Gadon masana'antu ba gini da inji kaɗai ba ne. Har da rami da guba. 'Yan'uwanmu na ikilisiyoyin Filato sun san wannan: kamfanonin kuza sun tafi sun bar tafkuna masu zurfi a gonakin Birom, waɗansu ana noman rani da ruwansu, waɗansu kuwa suna cin yara da shanu.

Namu ya fi kusa, ya kuma fi zafi. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Da aka bincika sai aka tarar dutsen zinariyar da a ke haƙowa cike ya ke da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a niƙa shi a injin niƙa, a daka shi a turmi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai su ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka mutu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, a Bagega ma aikin bai yiwu ba sai 2013. Gwamnatin tarayya ta hana haƙa a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Samarinmu na nan arewa suna tafiya wuraren zinariya da rani. Iyaye mata, in ɗanku ya dawo, kayan aikinsa da takalminsa kada su shiga ɗakin da yara su ke kwana, dutse kuma kada a daka shi a gida ko kusa da rijiya. Dalma ba ta ruɓewa. Wadda ta zuba bana tana nan tana jiran jikoki.

To, me za mu yi?

Akwai hujjar ajiye alama a cikin Littafi Mai Tsarki. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu goma sha biyu aka kafa a Gilgal, domin ranar da yara za su yi tambaya a sami abin nuna musu. Mu ba mu kafa namu duwatsun ba, waɗansu ne suka kafa su don ribarsu, amma da ƙarfin iyayenmu aka yi, labarin da ke jikinsu kuma namu ne, mai daɗi da marar daɗi. Har tarihin ikilisiya yana ciki, gama a garuruwan bakin dogo da yawa ma'aikatan reluwe da akawunan kanti daga kudu ne suka fara taruwa yin sujada ran Lahadi, tun kafin a sami ɗakin ibada.

Magana ta fari ita ce ta sata. Dogo da filin tasha kayan hukumar jiragen ƙasa ne, wato kayan jama'a duka. Hukumar ta sha kuka a kan masu yanke ƙarfe da dare suna sayarwa a wurare dabam dabam na ƙasar nan, ana kuma kama mutane a kai su kotu. Mai bi ba shi da hannu a wannan, ko yanka ko dako ko saye. Mun san ƙarfen dogo yana daɗin ƙira, maƙera kuma suna sonsa, amma garmar da aka ƙera da shi ta fi kuɗinta tsada. Dattawan ikilisiya su faɗa wa matasa wannan a fili. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba su yarda da sata ba, wannan kuwa aiki ne da limami da fasto da mai unguwa za su iya yi da murya ɗaya.

Sai batun gine-gine. Sito mai kwano da daɓen siminti, ko ya tsufa, ya fi rumbun da ke bakin daji tsaro a wannan zamani. Ƙungiyar manoma da ta yi rajista tana iya rubuta takarda ta hannun ƙaramar hukuma da masarauta, ta nemi haya ko aro daga mai shi, ta gyara rufi, ta ajiye wake da gero na 'yan ƙungiya daga kaka zuwa bazara, lokacin da farashi ya ke tashi. Kada a shiga ba da izini a rubuce ba, kada kuma a zuba hatsi sai an share an wanke an tabbata ba a taɓa ajiye maganin ƙwari ko mai a wurin ba. Ginin da a ke amfani da shi ba ya rushewa da wuri, ɓarawon kwano kuma ba ya kusantarsa. A ganinmu wannan ya fi a kulle shi a rataya allo.

Amma abin da ya fi gaggawa shi ne tsofaffi. Ƙarfe yana iya jira shekara goma, su ba za su iya ba. Wanda ya ke da shekara 15 a 1960 yau ya kai 80 ko ya haura. Muna roƙon ƙungiyar matasa da zumuntar mata ta kowace ikilisiya su zaɓi mutum biyu masu rubutu, su nemi tsofaffi maza da mata, Kirista da Musulmi, waɗanda suka yi dako a tasha, ko awon gyaɗa, ko aikin masaƙa, ko suka taɓa hawa jirgi zuwa Zariya. A je da ladabi, a gai da Baba ko Inna yadda ya kamata, a nemi yardarsu kafin a ɗauki murya a waya. A tambaye su nawa a ke sayen buhu, wa ya ke riƙe da sikeli, yadda a ke gane an tauye awo, kwana nawa jaki ya ke yi daga Shinkafi, abin da mata su ke sayarwa a bakin tasha, waƙoƙin da 'yan dako su ke yi, da abin da aka ci a shekarun fari. In akwai tsohon tikiti ko rasit na haraji ko katin aiki a ƙasan adaka, a ɗauki hotonsa a mayar wa mai shi. Kada a karɓe.

Malaman makaranta da su ke so su kai yara tasha su fara shawara da iyaye da shugabannin gari a kan tsaro, su tsaya cikin gari, su tafi da rana, su nemi izinin ma'aikatan wurin. A tafi da igiyar awo da alli da takarda. Yara su auna faɗin dogo, su ɗora takarda bisa rubutun ƙarfe su goga fensir har shekarar ta fito, su zana taswirar wurin.

Abin da aka rubuta a ba mai bishara ko malamin gona na yankinku kafin ƙarshen kaka, a sa sunan ƙauye da shekarun mai ba da labari. Sunansa kuwa sai in shi ya yarda. Za mu riƙa buga su kaɗan kaɗan a fitowa masu zuwa, za mu fara da na matan da suka yi sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.